Inna Laraba da Waƙar Tasha

Inna Laraba yayar mahaifiyata ce, kuma duk danginmu ita kaɗai ta iya waƙa da harshen Tamil. Ba ta san ma'anar ko kalma goma a ciki ba. Amma waƙoƙi shida ta haddace tun daga farko har ƙarshe, har da wurin da mawaƙiyar ke tsayawa ta ja numfashi.

An haife ta a ƙasar Sudan, a wani kambo kusa da Managil, wato irin ƙauyukan da leburorin auduga ke kafawa a gefen gonakin Jazira. Kakanninmu daga Haɗeja suka taso da niyyar Makka, suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Tana shekara bakwai aka ɗaura mata buhu a ƙugu ta shiga tsinkar auduga. Da ta girma ta auri Ladan, maƙerin da ke gyara wa mutanen kambo fartanya da lauje, kuma da bakinta take cewa ita ta fara ganinsa, shi hankalinsa na kan wuta. Da aikin gona ya mutu, suka kwaso yara suka zo Umdurman. Suka gina ɗaki biyu na ƙasa a unguwar Dar Salam. Ladan ya sami gurbi a layin maƙera na Kasuwar Umdurman yana ƙera murhun gawayi da ƙofofi, ita kuma ta yi wankau, ta yi tallan gyaɗa, ta yi sharar ofis. 'Ya'yansu biyu suka yi aure suka bar gida, aka bar auta Duha.

A shekara ta 2012 wata ƙawarta ta samo mata aiki a unguwar Amarat, can cikin Khartum. Wani injiniya ɗan Indiya mai suna Sundaram, wanda ke gyaran injuna a wata masana'anta a Bahri, ƙetaren kogi, yana neman wadda za ta kula da mahaifiyarsa. Matarsa da yaransa suna Indiya saboda makaranta. Shi kaɗai ne ɗan tsohuwar, ita kuma ta ce ƙafarta ƙafarsa. Daga ranar, kullum Inna kan hau hafla biyu, irin ƙananan motocin hayar nan namu, ta ƙetare gadar Farin Nilu kafin rana ta yi zafi.

Sunan tsohuwar Kamala, amma Inna ba ta taɓa kiranta haka ba. A makon farko jikoki suka bugo waya, ta ji suna ta kiran "Pati, Pati". Kunnenta ya ji Fati. Ta dawo gida da murna ta ce wa Ladan ashe ma tsohuwar takwarar ƙanwarsa ce. Sai da aka yi wata shida Sundaram ya bayyana mata cewa kalmar na nufin kaka. A lokacin sunan ya riga ya zauna, har tsohuwar na amsawa.

Ba su da harshe ɗaya. Fati ba ta jin Larabci, balle Hausa. Da hannu suke magana, da ido, da tsaki, kuma Inna ta ce tsakin tsohuwar sak irin namu ne. Idan Fati ta kunna ƙaramar fitilar ibadarta da safe, Inna kan koma kicin. Idan Inna ta shimfiɗa sallaya, Fati kan rage ƙarar talabijin da kanta.

Talabijin ɗin kuwa aikinsa ɗaya. Kullum bayan cin abincin rana, wajen ƙarfe biyu, sai a sa faifan wani tsohon fim mai baƙi da fari, wanda aka yi tun kafin a haifi Inna. Mu 'yan Umdurman mun tashi da fina-finan Indiya, har yaran unguwa na iya ce maka sannu da harshensu. Saboda haka Inna na jin maganar farko ta ce wannan ba Indiyanci ba ne. Ta tari Sundaram da yamma.

"Bashmuhandis," haka take kiransa, kamar yadda ake kiran injiniyoyi a nan, "wane yare ne wannan?"

Ya yi dariya ya ce mata, da Larabcinsa mai tuntuɓe, ƙasarsu harsuna ne birjik. Nasu Tamil, daga can kudu. Nisan da ke tsakaninsa da wanda ta saba ji a sinima, in ji shi, ya kai nisan Hausa da Larabci. Wannan magana ta yi wa Inna daɗi. Ta ce ashe su ma irinmu ne, harshen cikin gida daban, na kan titi daban.

Labarin fim ɗin, kamar yadda ta fahimce shi da ido, ba shi da wuya. Wani saurayi ne ke yankan tikiti a wata 'yar tashar jirgin ƙasa. Wata budurwa kuma na zuwa da kwando tana sayar da fararen furanni da ta kitsa a zare. Suna kallon juna ta tagar tikiti, kusan rabin fim ɗin ba wanda ya taɓa ko hannun wani. Sai aka yi masa canjin wurin aiki. Ruwa ya karya gada da jirginsu a kai, labari ya iso cewa ba wanda ya fita. Ita ta ƙi yarda. Kullum da safe takan ɗauki kwandonta ta taka zuwa tasha, mutane na girgiza kai. Ƙarshe dai ya dawo, yana ɗingishi.

Kiɗan ne ya fara kama Inna. Goge ne da yawa a tare, kamar an tara masu goge ashirin sun yarda su ja baka lokaci ɗaya. Ga sarewa. Ga wata ganga mai baki biyu da ake kwantarwa a cinya, wadda ta ce tana magana kamar kalangu. Muryar macen kuma siririya ce, tana hawa tana lanƙwasa kamar ba za ta sauko ba, sai ka ga ta sauko daidai inda ganga ke jiranta. Da yake ba ta san sunayen waƙoƙin ba, sai ta raɗa musu nata: waƙar rijiya, waƙar ruwan sama, waƙar wasiƙa, waƙar zazzaɓi, waƙar biki, da waƙar tasha, wadda budurwar ke yi tana tafiya da kwandonta.

Ladan ya ɗan yi gunaguni da farko, da ya ji tana yinsu a bakin murhu.

"Laraba, kin san abin da kike faɗa kuwa? Kada ya zamo abin bautarsu kike yabo."

Ta ɗauki maganar da gaske. Washegari ta tambayi Sundaram, ya ce duka shidan soyayya ce tsagwaronta. Ta dawo ta faɗa wa Ladan a gaban Duha. Ya ce to wannan ya fi muni, amma yana faɗa yana ɓoye murmushi, kuma bai sake tayar da zancen ba.

Sundaram ne ya gaya mata dalilin fim ɗin. Kwana goma da ɗaura auren iyayensa, mahaifinsa ya kai amaryarsa sinima a garinsu, Madurai, suka kalle shi. Ranar ce suka fara fita su biyu kawai. Mahaifin ya rasu shekara da shekaru. Shi Sundaram ɗin ya ce fim ɗin ya fita masa ta hanci, da ya ji kiɗan farko yake tashi ya bar falon.

Wajen 2018 mantuwar tsufa ta fara cin Fati. Ta manta inda take ajiye tabarau, daga baya ta manta amfanin tabarau. Takan kira ɗanta da sunan ƙaninta. Takan tambayi mijinta, wanda ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "awar", wato shi, kamar dai matanmu na dā. Aikin Inna ya ƙaru, ya zama wanka da ba da abinci a baki da shafa wa gashinta man kwakwa a kitse shi jela ɗaya. Amma ƙarfe biyu na yi, fim ɗin ya fara, sai tsohuwar ta dawo cikin jikinta. Ba ta kuskuren kalma ɗaya. In an zo waƙar tasha kuwa, takan miƙe tsaye ta yi ta zagaya falon a hankali har waƙar ta ƙare, Inna na biye da ita don kada ta faɗi.

Ranar Asabar, ashirin da huɗu ga azumin 2023, Inna ta isa Amarat kafin ƙarfe takwas. Sundaram ya riga ya tafi Bahri. Tana cikin dama wa Fati kunun shinkafa ta ji ƙarar farko, ta ɗauka taya ce ta fashe. Ta biyu ta zubo da gilashin tagar kicin. Ashe yaƙi ne ya ɓarke a Khartum.

Kwana tara suka yi a rufe. Wuta ta ɗauke tun ranar farko, famfo ya kafe a ta uku. Inna ta riga ta cika duk wata tukunya da bokiti, har da kwamin wanka. Ta jawo katifa zuwa lungun da ke tsakanin ɗakuna, inda ba taga. Mutanen benen da suke ciki suka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama saura su biyu da maigadi Abdulmun'im, wani dattijo mai shekara saba'in, wanda ke cajin wayoyi da batirin wata mota da mai ita ya gudu ya bari. Sundaram na bugowa kullum. Ya yi ƙoƙarin ƙetare gada sau uku, sau uku ana maido shi. Ladan ma na bugowa, har rana ta huɗu. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Ta Duha kuma dama ta lalace tun kafin azumi.

Ƙarar bindiga ba ta dami Fati sosai ba. Abin da ya dame ta shi ne ƙarfe biyu ya yi, talabijin ya ƙi kamawa. Ta yi ta bubbuga shi da tafin hannu tana kallon Inna kamar ita ta kashe shi. Ta ƙi abinci. A rana ta biyu Inna ta zauna a gabanta a ƙasa, ta fara waƙar rijiya. Muryarta ba siririya ba ce, muryar mai kiran yara daga ƙarshen gona ce. Fati ta yi mata wani irin kallo, ta ɗaga yatsa ta gyara mata wata kalma, sannan ta kama. Haka suka riƙa yi kullum, waƙa shida a jere. Ranar Sallah ma haka, bayan Inna ta dafa 'yar shinkafar da ta rage ta aika wa Abdulmun'im rabi.

Ranar Lahadi da yamma Sundaram ya bugo. Ya ce gobe da safe motoci za su kwashi 'yan ƙasarsu zuwa Bur Sudan, daga wani fili da ke kudu da unguwar, tafiyar kamar kilomita uku. Shi ya sami wanda zai zagayo da shi ta wata hanya mai nisa, amma ba za a iya shigowa Amarat da mota ba.

"Hajja Laraba, ban da ikon roƙonki wannan. Amma ba ni da kowa."

"Ina fasfo ɗinta?" in ji Inna.

Gari na wayewa ta yi wa Fati wanka da kofi uku na ruwa, ta kitse mata kai, ta ɗaure fasfo ɗin a cikinta da ɗankwali. Ta lulluɓa wa tsohuwar wani tsohon mayafinta a kan sarinta, zanen nan na matan Indiya, don kada ta ja ido. Sai da aka zo fita Fati ta zauna a bakin gado, ta riƙe ƙarfensa da hannu biyu.

"Awar," in ji ta. Ta nuna ƙofa, ta nuna agogon bango. Shi zai dawo, ba za ta fita ya tarar ba ta nan ba.

Inna ta lallashe ta da Hausa, ta lallashe ta da Larabci, ta nuna mata hoton Sundaram. Abdulmun'im ya ce bari ya goya ta. Yana taɓa ta ta ƙwala wani ihu da ya sa dukkansu suka daskare, don a ƙarshen layin akwai masu bindiga. Dattijon ya ja da baya ya ce, "Ya Hajja, ki tafi ke kaɗai. Kina da 'ya'ya. Ni zan riƙa ba ta ruwa."

Inna ta ce ta yi tunanin hakan, ba za ta yi ƙarya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi tunanin Duha. Sannan ta shiga kicin ta ɗauko ƙaramin kwandon da suke zuba albasa, ta juye shi, ta sa magungunan tsohuwar a ciki. Ta dawo ta rataya wa Fati a hannu, ta tsaya a gefenta, ta fara waƙar tasha.

Baiti na farko bai yi komai ba. A na biyu yatsun suka saki ƙarfen gadon. Fati ta miƙe, ta gyara zaman kwandon a gwiwar hannunta, ta ɗaga haɓa. Da za ta fara zagayen falo kamar kullum, sai Inna ta ɗan karkata da ita wajen ƙofa. Abdulmun'im ya buɗe ƙyauren gidan.

Inna ba ta son ba da labarin abin da ta gani a titi. Ta ce gilashi ne ko'ina, da ƙonannun motoci, da wari. Inda bai kamata tsohuwar ta kalla ba, takan ja mata gefen mayafi ta rufe. Suna bin jikin katanga. Waƙar ba ta fi minti huɗu ba, in ta ƙare sai a koma farko ba tare da an tsaya ba, domin Inna ta gwada yin shiru sau ɗaya don ta saurari inda harbi ke fitowa, nan take Fati ta ja birki ta juya za ta koma gida. Kwana tara da rabin kofin ruwa sau uku a rana sun busar mata da maƙogwaro. Ta yi ta yi dai, wani wurin da murya, wani wurin da hanci.

A wata mararraba suka iske shinge. Samari huɗu da bindigogi, ɗaya a zaune kan kujerar falo da aka fito da ita daga gidan wani.

"Ina zuwa, Hajja?" in ji ɗayansu.

Inna ta riƙe wuyan hannun Fati da kyau. "Wajen motocin baƙi. Ɗanta na jiranta." Ta ci gaba da waƙar ƙasa-ƙasa.

"Me ke cikin kwandon?"

"Maganin hawan jini."

Ya zuba a ƙasa, ya tona da bakin bindiga. Fati ta yi masa tsaki. Inna ta ce a wannan lokacin ta gama sallamawa, ta fara kalmar shahada a zuci, bakinta kuma na kan waƙa.

"Ke me ya haɗa ki da ita?"

"Shekara goma sha ɗaya ina yi mata wanka."

"To waƙar ta mece ce? Wasa kike da mu?"

"Ɗana, in na yi shiru ba ta tafiya. Ba ta san inda take ba."

Na zaune kan kujera ya ce ta yi shiru su gani. Ta yi shiru. Fati ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta kama hanyar gida da kwandonta wayam. Ɗayansu ya yi dariya. Na kan kujera bai yi ba. Ya ce su kwashe maganinsu su wuce, kuma ta rage murya.

Bayan shingen ne ƙafar tsohuwar ta fara gazawa. Takalminta ɗaya ya tsinke, Inna ta cire nata ta sa mata, ta ci gaba da ƙafa ɗaya a ƙasa. Rana ta ɗaga. Suna zaune a gindin wata bishiya, Inna na tunanin ko ta goya ta ko da za ta yi ihu, sai ga mai amalanken jaki ya dawo daga sayar da ruwa, gangunansa babu komai. Bai tambayi ko su waye ba. Ya matsar da ganga, suka ɗora Fati, ya ba Inna ragowar ruwan da ke gorarsa. Ta ce tunda take ba ta taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba, ga shi da ɗumi, ga warin roba.

Filin cike yake da mutane da akwatuna, manyan motoci biyar a jere. Sundaram ne ya fara hango su. Ya taho a guje, gemu ya fito masa, rigar da ya fita da ita ranar Asabar ce a jikinsa. Ya rungume uwarsa, ita kuwa ta dube shi kamar mai tallan da ya tare mata hanya. Sai ya juyo ya zube a gaban Inna, ya kai hannu zai taɓa ƙafarta, ƙafar da ba takalmi.

Ta yi tsalle baya. "Subhanallahi! Tashi, Bashmuhandis. Mutane na kallo."

Ya ce ta shiga motar su tafi tare har Bur Sudan, can ba a harbi, zai san yadda zai yi da ita. Ta kwance fasfo ɗin ta miƙa masa.

"Mijina da 'yata na Dar Salam. Ban san ko suna da rai ba."

Saura shiga mota. Fati ta tsaya a bakin matakala ta ƙi ɗaga ƙafa. Inna ta buɗe baki, murya ta ƙi fita, sai iska. Ta sake gwadawa, haka. Sai ta ji waƙar ta tashi daga bayanta, da muryar namiji, a shaƙe, ba daɗi ko kaɗan. Sundaram ne, mai tashi daga falo. Ashe ya iya ta tsaf. Fati ta hau matakala uku da kanta, ba ta waiwayo ba. Inna ta ce rashin waiwayen nan shi ya fi komai kwantar mata da hankali, don da ta waiwayo, da wataƙila an koma gidan jiya.

Daga nan ta juya ta fuskanci Umdurman. Wata mata a filin ta ba ta silifa. A lokacin ana barin masu ƙafa su ƙetare gadar Farin Nilu, ta bi ayarin mata masu ɗauke da ƙunshi. A ɗaya gefen ta sami babbar mota mai zuwa yamma, ta sauka inda ta tsaya, ta taka sauran.

Ina gidansu na Dar Salam ranar, saboda haka wannan da idona na gani. Tun rana ta huɗu aka ƙwace wayar Ladan a wani shinge. Ana jibi Sallah wani direba ya zo ya ce ya bi ta Amarat, layin da Inna ke aiki ya ƙone ƙurmus. Ladan ya ce shi ba zai karɓi gaisuwa ba tunda bai ga gawa ba, ya shige ɗaki. Amma matan unguwa suka riƙa zuwa kullum da la'asar suna zama da Duha, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ba mai kiran abin da sunansa.

Sai ga ta a bakin ƙofa, ƙura har gira, silifa ba daidai da ƙafarta ba. Ta dubi tabarmin, ta dubi matan da carbi a hannu. Ta dafa bango.

"Wa ya rasu?" Da ƙyar muryar ta fito.

Maƙwabciyarsu Safiyatu, wadda ba ta iya riƙe magana, ta ce, "Ke."

Duha ta yi wata ƙara ta faɗa jikinta, suka zube tare. Mata na kuka suna dariya suna kabbara. Ladan ya fito daga ɗaki, ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallonta. Ya koma ciki. Muka ɗauka wani abu ne, sai ga shi da buta da kwano. Ya durƙusa a gaban mutane, mutumin da ko sunanta ba ya son kira a gaban baƙi, ya fara wanke mata ƙafar da gilashi ya yayyanka.

Wata biyu bayan haka zaman Dar Salam ya gagara, suka dawo gidanmu a arewacin Umdurman. Mu goma sha bakwai a ɗaki uku. Inna ta shiga aikin takiyya, wato girkin taimako da 'yan unguwa ke yi wa kowa da kowa, ita ce a kan babbar tukunyar wake. Ladan ya kafa 'yar maƙera a bayan gida, yana yi wa takiyyoyi murhu da tsofaffin ganguna. Labarin Abdulmun'im ya zo ta bakin wani ɗan garinsu, cewa ya isa ƙauyensu lafiya. Na Fati ne shiru. Lambar Sundaram ta Sudan ta mutu. Inna ta san tafiyar Bur Sudan ta fi awa goma sha biyar a cikin zafi, ta kuma san tsohuwar ba ta shan ruwa sai an sa mata kofi a baki an ɗan jira. Takan ce da ta gaya masa wannan. Ta faɗi haka ya fi sau ɗari.

Sai bayan wata goma sha ɗaya wani da ya yi aiki a masana'antar Bahri ya zo layin takiyya da kwanonsa, yana tambaya ko akwai wadda ake kira Laraba matar maƙeri. Ya ce injiniya ya yi ta aiko da saƙo ga duk wanda ya sani. Ya ba mu lamba.

Washegari da hantsi na raka ta shagon da ake samun intanet a bakin kasuwa. Ta sa mayafinta mai kyau. Na buga, hoto ya yi ta tsinkewa, sannan ya tsaya. Ga Sundaram, ya aske gemu, ya yi ƙiba. Ya yi ta magana Larabcinsa na haɗuwa da kuka. Inna ta katse shi.

"Bashmuhandis, Fati fa?"

Ya juya wayar. Tana zaune a baranda kan kujerar kaba, an kitse mata kai, da faranti a cinyarta tana ci da hannunta. Bayanta wata bishiya kore shar. Kumatunta sun ciko.

"Fati!" in ji Inna. "Fati, ni ce!"

Tsohuwar ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana duban gilashin wayar. A fili yake ba ta gane ta ba. Sai ta juya ta faɗa wa ɗanta wata magana da faɗa-faɗa, tana nuna wayar da hannun da ya yi dumu-dumu da shinkafa. Sundaram ya fashe da dariya.

"Me ta ce?"

"Ta ce wace ce wannan baiwar Allah, ta rame da yawa. Wai a shigo da ita a ba ta abinci."

Inna ta yi dariya har ta zauna a kan wani buhu da ke ƙofar shagon, tana share ido da gefen mayafi. Mutanen da ke layi suka fara ƙorafin mun daɗe. Ta yi sallama da su a gaggauce, ta miƙo mini wayar, ta ce mu yi sauri, ta bar wake a wuta kuma matar da ta bar wa tukunyar ba ta san gishiri ba.